Shingen Adurukun da Na Sare

Assalamu alaikum Edita. Ni 'yar Zangon Lome ce, nan aka yanke mini cibi. Lokacin da abin nan ya faru ina da shagon atamfa a kasuwar Adawlato, ciniki yana tafiya, na kuma yi makarantar Faransanci, saboda haka ina ganin babu wanda zai koya mini zaman duniya. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida, ni ce babba, ni ke faɗa a ji. Abu biyu aka san ni da su a unguwa, tsafta da saurin hawa, kuma ban taɓa musun ko ɗaya ba.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Ewe, Kirista, mijinta ya daɗe da mutuwa, Mama muke ce mata. Tsakanin gidanmu da nata babu katanga, sai jerin itatuwan aduruku da muka taso muka tarar, su suna kiransa kpatima. Kullum ganyensa a tsakar gidana yake zuba, kullum ina shara ina mita. Ana haka sai 'ya'yanta suka kawo mata kare don ya ɗebe mata kewa. Karen nan ya mai da gidana gidan ubansa. Ta tsakanin itatuwan yake ratsowa, ya tone mini fangalin ayoyo da zogale, ya lashe kwanon da ya samu, ni kuma in zauna ina wanke shi sau bakwai. In na kai ƙara sai Mama ta yi dariya, ta ce ai ƙamshin soyayyen kifina ne ke kiransa, ta yi alkawarin ɗaure shi. Ta kan ɗaure shi kuwa, amma kafin la'asar ya tsinke igiya.

Ranar da tura ta kai bango, ƙawayena ne suka zo daga unguwar Totsi, za su yi alwala muka tarar da karen ya tsoma kai cikin bokitin ruwan. Kunya ta kama ni, raina ya ɓaci matuƙa. Mama ta tafi ƙauyensu jana'iza, kuma jana'izarsu ba ta kwana ɗaya ba ce. Washegari na ɗauko masu adda na ce su kwantar da shingen nan duka, katangar bulo zan ja. Mahaifiyata ta leƙo daga ɗaki ta ce in bar abin da na tarar har maƙwabciya ta dawo. Na ce mata zamani ya canza, yanzu ba a zama da daji a cikin gari.

Da Mama ta dawo ta ga fili fetal, sai ta ɗora hannu a ka, ta shige gida. 'Ya'yanta ne suka zo daga unguwar Bè-Kpota. Ni na zaci kuɗin itace za su nema, har na shirya baƙar magana. Sai babbansu ya tambaye ni cikin sanyin murya in nuna masa inda gidanmu ya tsaya, in kuma kawo takardar fili. A nan ido ya raina fata. Sai a ranar mahaifiyata ta gaya mini cewa babu wata takarda. Mijin Mama ne ya yankar wa mahaifina filin daga na danginsu, aka yi ciniki a gaban shaidu waɗanda duk sun riga mu gidan gaskiya, sannan su biyun suka kafa adurukun tare, domin a al'adar mutanen nan shi ne shaidar iyaka. Ashe shaidarmu na biya kuɗi aka sare. 'Ya'yan suka ce a saninsu iyakar ta shigo har madafinmu da ɗakin mahaifiyata, kuma kotu ce za ta raba mu. Duk wanda ya san shari'ar fili a garin nan ya san jika kan gaje ta. Na daina cin abinci, a shago ma sai in auna yadi in manta nawa na auna.

Mahaifiyata ce ta ja ni muka shiga wurin Mama, na durƙusa na ba ta haƙuri ina kuka, karen yana kwance gefenta yana kallona. Sai Mama ta ce ita ba fili ne ya dame ta ba, itatuwan nan su ne abu na ƙarshe da hannun mijinta ya taɓa wanda take gani kowace safiya. Ta ce mu tafi. Haka muka zauna cikin zullumi har ruwa ya sauka, kututturan da na hana magina tonewa saboda tsoro suka fara toho. Sai ta tara 'ya'yanta da mai unguwa, ta bi layin da sandarta tana nuna su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce nan mijinta ya tsaya, kuma duk ɗan da ya tsallake ko bayan ranta ba ta yafe ba. A kan maganarta masu awon fili suka zo aka yi mana takarda.

Yanzu alhamdu lillahi muna zaune lafiya. Shingen ya fi tsayina, na sa ragar waya a ƙasansa, kare ya tsaya gidansu, ayoyona ya samu lafiya. Har yau ina sharar ganye, sai dai na daina mita. Na gane cewa wayewar da nake taƙama da ita ba ta kai ni ga sanin gidan da nake kwana ba. 'Yan'uwana mazauna Zango, mu da iyayenmu suka zauna da mutane bisa amana, kafin ku sare ko ku rushe wani abu da kuka tarar, ku tambayi tsofaffi, na gida da na maƙwabta, kuma kada ku yanke hukunci ranar da kuke fushi. Ni dai na ci sa'a tsohuwar tana da rai tana kuma da tsoron Allah. Da ta cika kafin damina, da daga gidan haya nake rubuto muku wannan.