Mutanen Kwali a Tashar Mafara

A tashar Talata Mafara, Zuhura tana jiran motar Maradun ta cika, idonta na kan wani mutum da ke zaune gindin dalbejiya. Dogo ne siriri, yatsunsa duk tawada. Yana yanka kwalin sabulu, kowane yanki ya zana masa irin mutumin da ɗan wasa zai zama a wasan labari da ake yi da ƙwayar ludo: ga maharbi, ga ungozoma, ga mai haƙar rijiya. Kowanne yana rubuta masa ƙarfinsa da abin da ke halaka shi. Ya jera wa abokan wasa duwatsun zama, amma ba kowa a kai. Tana zaton malami ne da garinsu ya watse.

Sai ya ɗago.

"Baiwar Allah, ina gajiya? Mi kinka fi tsoro? Cikin mutanen kwalina, mai jiran mota kaɗai ta rage ban gama ba."

Kafin ta buɗe baki, har ya rubuta a kwalin. Ya jefa ƙwayar, ya duba, ya girgiza kai.

"Kak ki shiga wagga mota."

Motar ta cika, ta tashi. Zuhura tana nan tsaye, ga dutsen zama ɗaya kusa da ƙafarta, wanda ɗazu ba ya nan.