Wa Zai Zo Mani Ina Cikin Takaba?

Shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, har mu da muke Sheme mun ji ɗuminsu. Rediyo ya shiga gidaje, kwanon rufi ya fara walƙiya a unguwarmu, motoci kuma ba sa yankewa a kan hanya. Maigidana direban gingimari ne, yana ɗaukar auduga da hatsi daga Damari da ƙauyukan Faskari ya kai Funtua, wani lokaci har Kaduna. In ya dawo, rigarsa na warin man mota da ɓawon lemo. Har yau in na tuna zamanin nan, kamar kullum la'asar ce sakaliya, rana ta yi laushi a kan duwatsu, ni kuma ina kasa kunne ko zan ji kukan motarsa daga nesa.

A wata damina abokin aikinsa ya rasu a hanya, mota ta kife da shi. Na je gaisuwa na tarar da matarsa zaune a kan tabarma, 'ya'ya huɗu sun kewaye ta, ba ta kuka, tana dai kallon ƙofa. Maigida ya yi kwanaki ba ya cin tuwon kirki. Ran nan ya shigo da takardu iri biyu ya ajiye mani a kan gado. Shi ajami ya iya, ni ce na yi ajin yaƙi da jahilci na iya boko. Ya ce takardun inshorar rai ne daga kamfani biyu, wakilansu sun tare shi a tasha. Mutum zai riƙa biyan wani abu duk shekara har shekara goma sha biyar, in ta Allah ta kasance a tsakani, sai a ba iyalinsa abin da za su riƙe kansu. Ya ce in karanta in zaɓa, tunda ni abin zai shafa.

Kwana uku ban taɓa su ba. Gani nake kamar an ce in auna mashi likkafani yana raye. Shi ma bai tsaya nan ba, ya tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce a bari, ɗaya ya ce tanadi ne ga marayu ba jayayya da ƙaddara ba. Ya yi istihara, ya ce zuciyarsa ta kwanta. Sannan na ɗauko takardun.

Da hantsi nake karanta su, in na gama shara, a gindin bishiyar bedi da ke tsakar gida. An juya su da Hausa amma wata irin Hausa mai tauri, sai in bi layi da yatsa, hankalina ya tafi. Takardar farko tana da hoton wani dogon bene mai tagogi da yawa. Nakan zura mashi ido in ga kaina a ciki, ina hawa matakala da goyo, ina buɗe ƙofa bayan ƙofa, kowane ɗaki ba kowa sai fanka tana juyawa. Sai kaza ta yi kuka in dawo.

Wakilin kamfanin mai bene shi ya fara zuwa, wani saurayi a cikin mota fara. Ya kawo mana kalanda da laima. Suka zauna a zaure da maigida, ni ina bayan asabari ina ji. Bakinsa da zaƙi, ya yi ta lissafa manyan mutanen da suka shiga. Da maigida ya ce mai ɗakinsa na da tambaya, sai saurayin ya yi 'yar dariya. Na tambaya ta bakin maigida, in abin ya faru, yaya ake karɓa? Ya ce abu mai sauƙi, matar za ta je ofishinsu a Kaduna da takardu cikin wata biyu. Da alama bai san mace mai takaba wata huɗu da kwana goma take yi a ɗaki ba, ko kuma bai taɓa tsayawa ya yi tunanin ba.

Na biyun dattijo ne, mutumin kudu, amma ya daɗe a Funtua har Hausa ta zauna a bakinsa. A kan tsohuwar basfa ya zo, wandonsa duk taɓo. Bai kawo komai ba. Da ya zauna, shi ya fara tambaya ko uwargida na kusa, don ya fi so ta ji da kunnenta. Ya faɗa mana abin da na farkon ya tsallake: in wa'adin ya cika maigida na da rai, ba za a mayar da komai ba, kuma abin da za su bayar bai kai na wancan kamfanin ba. Wannan karon ban bi ta bakin kowa ba.

"Baba," na ce, "in ya rasu, wa zai zo mani ina cikin takaba?"

Ya ce, "Ni zan zo, 'yata. In ba ni da rai, wanda ya gaje ni zai zo, kuma za a rubuta haka a takarda. Amma kada ki ɗauki maganata. Akwai wata baiwar Allah a Faskari da na kai ma nata bara. Ki je ki tambaye ta."

Ranar kasuwa maigida ya ɗauke ni a gaban mota, karo na farko da na shiga. Daga can sama duniya daban take. Dawa ta yi kai, gonaki na wucewa kamar ruwa, duwatsu suna matsowa suna ja da baya. Na riƙa satar kallon hannuwansa a kan sitiyari, ina mamakin yadda ban taɓa lura da tabon da ke babban yatsansa ba.

Matar ta karɓe ni a ɗakinta, keken ɗinki a gefe. Ta ce dattijon ya zo ana sadakar bakwai, ya yi gaisuwa bai ambaci komai ba. Ya dawo bayan arba'in da takardu, ya tsaya a zaure, ƙanen mijinta ya kai mata ta dangwala hannu. Da abin ta sayi keken da shanu biyu. Ta ce kuɗin bai cika mata ɗaki ba, amma ba ta taɓa aika yaro roƙon tsaba maƙwabta ba. Muka yi kuka tare kaɗan, sannan ta kawo mani fura.

A hanyar komawa na ce ma maigida mai basfa na zaɓa. Ya ce dama ya sani.

Duk kaka dattijon yakan zo karɓar kuɗin shekara. Ya saba da gidan har yara na kiransa Baba mai basfa, ni kuma ina ɗaure mashi gyaɗa da kuɓewa busasshiya. A shekara ta tara wani ne ya zo a madadinsa, ya ce Baba ya koma garinsu ya rasu can. Na ji mutuwar nan kamar ta ɗan'uwa.

Wa'adin ya cika maigida na nan da ransa, furfura ta fito mashi. Ya riga ya bar tuƙi ya koma noman masara. Ranar da na gaya mashi takardar ta ƙare, yana gyaran ƙotar fartanya, ya ce to, an ci kuɗinsa a banza ke nan. Na ce ban taɓa jin daɗin asara irin wannan ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce in kawo mashi ruwa. Mun ƙara shekara ashirin da ɗoriya tare bayan nan.