Muryar Hajja Maryama a Jamus

Ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban malamai a Jamus na yi magana ba, ni da ko a ofishinmu na nan Jidda sai an ce mini in ɗaga murya. Ku da kuka shigo aikin bana, ga yadda aka yi.

Lokacin ina shekarar farko ta digiri na biyu, ina mataimakiyar bincike a ƙarƙashin Duktura Amal. Aikina shi ne in bi tsofaffin Hausawan da iyayensu suka biyo ta Sudan zuwa hajji suka zauna, in naɗi hirarsu, in rubuta ta minti bayan minti. Da wata jami'ar Jamus ta gayyace mu bitar kwana uku kan adana tarihin baka, Duktura ta ce ni zan je. Biza ta fito, Baba ya yi mini khuruj wa auda, wato izinin fita da dawowa na mai iƙama, takardar zaman baƙo a Saudiyya. Murna ta hana ni cin abincin kirki har na hau jirgi.

Birnin ƙarami ne, kogi ya ratsa shi. Watan Oktoba ne, ganyaye sun yi ja, sanyi yana shiga har ƙashi. Kowa a kan keke, har farfesoshi masu furfura. Da na shiga laburarensu sai na tsaya ina shafa littattafai ina dariya ni kaɗai. Hotunan da na tura gida kuwa, sai da Ummi ta ce, "Halas, ya binti, wayar ta cika."

Rana ta biyu aka ba ni minti ashirin. Na karanta takardata, sannan na kunna musu minti biyu na muryar Hajja Maryama, wata tsohuwa da ke unguwar Aziziyya, ba tare da na faɗi sunanta ba. Tana ba da labarin yadda uwarta ta sauko da ita daga jirgin ruwa a tashar Jidda, a goye, da tukunya ɗaya a ka. Ina rufe baki sai kowa ya dunƙule hannu ya hau ƙwanƙwasa tebur. Na ce a raina shi ke nan, na yi ɓaranɓarama. Rabi, wata ɗaliba 'yar Nijar da ke karatu a can, ta jawo mayafina.

"Ke, tafi ne! Haka suke tafinsu a nan. Zauna kafin ki faɗi."

Sai shugabar bitar, wata farfesa dattijuwa, ta miƙe ta ce suna so su saka dukkan hirarrakina a rumbunsu na intanet, da sunan kowane mai magana da unguwarsa, da sunana a matsayin wadda ta tattara. In na yarda, in sa hannu kafin a rufe taro gobe. Sunana a rumbun jami'ar Turai! Na aika wa Duktura saƙo, ta amsa nan take: "Mabruk! Ki sa hannu."

Kafin hutun shayi na buɗe littafin da nake rubuta hirarraki, don ban saba sa hannu a abin da ban duba ba. A minti na arba'in da ɗaya na hirar Hajja, ga abin da ta faɗa tana dariya: kafilinta, wato wanda ya tsaya mata a takardar zama, ya rasu tun da daɗewa, iƙamarta ta mutu, ba a sabunta ba. In wannan ya fita da sunanta da unguwarta, tsohuwar da ba ta san wata ƙasa ba tana iya shiga matsala, kuma ni na jawo mata.

Na tarar da Farfesa tana zuba shayi. Na ce, "Farfesa, ki gafarce ni, ba zan iya sa hannu ba." Na nuna mata layin.

Ta karanta, ta ajiye kofin. "Matar ta san muryarta za ta hau intanet?"

"Ta san bincike ne. Intanet kam ban gaya mata ba."

"To, mu tambaye ta."

Na kira wayar Fa'iza, 'yar Hajja, ta bidiyo. Hajja ta kawo fuskarta dab da gilashin.

"Sa'adatu? Ke ce a cikin wannan bargon? Wa ya kai ki ƙasar da ba rana?"

"Aiki ne, Hajja." Na yi mata bayani dalla-dalla, na juya wayar ta ga Farfesa.

"Wannan ce Bajamushiyar? Ki gaishe ta. Ki ce mata ta riƙa cin abinci, wallahi ta rame."

Na fassara. Farfesa ta yi dariya har da hawaye.

Sannan Hajja ta gyara zama. "Labarin uwata, 'yar nan, a ji shi har bangon duniya, ta sha wahala baiwar Allah. Amma sunana da unguwata su zauna nan inda nake. Maganar iƙama kuwa ki yanke ta. Ba da su na yi ta ba, da ke na yi."

Washegari Farfesa ta kawo maganar gaban taro. Aka ƙara shafi a takardar yarjejeniyar: ba a saka hira sai an koma wa mai ita an faɗa masa inda za ta je, ya zaɓi abin da za a bari. Na sa hannu a kan wannan, na fita na zagaya bakin kogi, jina nake kamar in yi tsalle.

Da na dawo, Duktura ta ɗan ɓata rai cewa ban kira ta ba tukuna, kuma tana da gaskiya. Amma ita ta ba ni motar ofis. Wata huɗu na yi ina bin gidaje daga Safa zuwa Aziziyya. Mutum biyu suka ce sam, na cire nasu.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Tsohon da ya zaunar da ku a ɗakinsa ya ba ku labari, ku ya ba wa, ba na'urar ba. Kafin ku miƙa wa wani, komai girmansa, ku koma ku yi sallama ku tambaya.