Tabar Nazmi

Usta Sabri mutum ne da bai iya son abu shi kaɗai ba. In ya ci dafaffen wake mai daɗi a wani lungu, sai ya ja duk wanda ya sani har can. In ya dace da wanzami mai laushin hannu, unguwa ba ta hutawa sai kowa ya miƙa masa kansa. Wannan halin ne ya sa jama'a ke ƙaunarsa, kuma shi ne ya jawo masa abin da ya hana shi sakewa da tsufansa.

A Bahari, unguwar masunta a Iskandariyya, aka haife shi, ɗan masunci, amma teku ba ta karɓe shi ba. Ko a kwalekwalen da ke ɗaure ya zauna sai cikinsa ya juya. Sai ya shiga aikin taram, jirgin ƙasan cikin gari, ya yi ta tuƙa shi tsakanin Manshiyya da Muharram Bek har kansa ya yi fari fat, ana kiransa Usta, wato gwanin direba. Shan taba a lofe kuwa tun yana saurayi ya koya wurin wani tsohon direba Bagirke. Ba shan kaɗai yake so ba, shagunan yake so: tsofaffin shagunan taba da suka rage a Iskandariyya bayan yawancin masu su, baƙi 'yan ƙasashen waje, sun tattara sun bar ƙasar. Kanta ta katako da ta sha gwiwar hannu har ta yi sulɓi, tulunan tangaran a jere, ma'aunin tagulla, da ƙamshin nan mai bin mutum har gida ya kwana a rigarsa.

Kwandastansa sunansa Nazmi. Siriri ne kamar sanda, amma Allah ya zuba masa murya. In ya kira sunan tasha, har masu shanya a saman bene sai sun leƙo. Sigari yake sha a lokacin, jefi-jefi, kuma ya fara maganar dainawa don matarsa ta matsa masa. Nan fa Sabri ya sa baki.

"Wace irin dainawa kuma? Jefar da wannan takardar banza ka kama lofe. Shi ba a haɗiye hayaƙinsa, a baki yake tsayawa ya fita. Ba ya taɓa mutum."

"Ka tabbata, Usta?"

"Dube ni mana. Na yi maka kama da mai ciwo?"

Ba yaudara ya yi ba, har zuciyarsa haka ya ɗauka, kamar yadda duk masu lofe ke gaya wa juna. Shi ya saya wa Nazmi lofensa na farko, ya koya masa cusa taba ba tare da danne ta da yawa ba. Nazmi kuwa ya kama abin hannu bibbiyu, har ya zarce malaminsa. Daga asuba har kwanciya lofen na bakinsa.

Da suka yi ritaya sai suka mai da Alhamis ranar yawonsu. Su sa kwat, su bi shagunan ɗaya bayan ɗaya, a buɗe musu tulu su shinshina, su kushe, su yaba, sau da yawa ba su sayi komai ba. A unguwar Attarin suke ƙarewa, shagon Hawaga Kirkor, tsohon Ba'armeniye mai kaurin gira. A wurinsa kowane tsohon abokin ciniki da haɗinsa, kuma da hannu yake haɗawa, ba ya tambaya. Na Sabri mai sanyi ne. Na Nazmi kuwa sai an cika masa baƙar tabar Sham mai warin hayaƙin itace, wadda Sabri ke cewa ƙonanniyar taya ce.

Sai muryar Nazmi ta fara dishewa. Aka ce mura ce, aka sha zuma da lemun tsami, ba ta washe ba. Sabri ne ya raka shi asibiti, yana tsaye a bayansa likita ya tambaya ko yana shan taba.

"Lofe ne kawai, Dakta," in ji Nazmi da ragowar muryarsa. "Ba na haɗiyewa."

Likitan ya ajiye alƙalami ya dube shi. "Wa ya gaya maka maƙogwaro ya san wannan bambancin?"

Nazmi bai waiwaya ba. Da ma ya waiwaya ya harare shi, da ya fi wa Sabri sauƙi. Aka sa ranar aiki, aka cire masa maƙogwaro, aka bar masa ƙofar numfashi a wuya. Sabri ya ji duk wannan a bakin mutane ne, domin tun ranar da ya fito daga ɗakin likitan bai sake taka inda Nazmi yake ba. Yakan shirya, ya kai har bakin layinsu, ƙafarsa ta ƙi. Tsoro ne da kunya, ba wani abu ba.

Abin haushin, yawon Alhamis bai daina ba. Ya ce wa kansa zai daina, amma ranar na zuwa sai ya tsinci kansa sanye da kwat. Kuma ko'ina ya shiga tambaya ɗaya ce.

"Ina ɗan tagwayenka?" in ji Hawaga Kirkor.

"Ya tafi Bur Sa'id wurin 'yarsa. Ta haihu."

"Masha Allah. To, kai masa wannan in ka samu mai zuwa."

Ya haɗa na Nazmi, ya ƙunshe a takarda, ya ɗaure da zare. Sabri ya karɓa, yana jin kamar garwashi aka sa masa a aljihu. Mako na gaba ma haka.

"Har yanzu jegon ake? Wannan 'ya tasa 'yan nawa ta haifa ne?"

"Ka san Nazmi da son jikoki, Hawaga."

"Na san shi," in ji tsohon, ya miƙo wani ƙunshin.

Sabri bai iya sha ba, bai iya zubarwa ba. Ya riƙa jibge su a saman kabad har ɗakin kwanansu ya ɗauki wari. Matarsa Ihsan, wadda ba ta ɓoye abin da ke ranta, ta tare shi wata safiya, ta kira shi da alkunyarsa.

"Abu Samira, ko ka kai wa mutumin nan kayansa, ko in kai masa da kaina in gaya masa mijina ya zama matsoraci da tsufansa."

"Taba zan kai wa wanda taba ta yanka? Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"To, tafi hannu rabbana. Ƙafarka yake bukata, ba tabarka ba."

Ya san gaskiya ta faɗa, amma bai tafi ba. Damina ta wuce, zafi ya shigo. Wata Alhamis Hawaga Kirkor ya karkata tulun baƙar tabar ya nuna masa gindinsa.

"Ka gani? Ta ƙare, kuma mai kawo mini ya daina. Wannan ne haɗin Nazmi na ƙarshe. Ban yarda ka ba ɗan aike ba, Usta. Hannunka, hannunsa."

Ranar dai ƙafar ta yarda. Ya hau benen gidan Nazmi yana tsayawa a kowane hawa kamar mai ciwon zuciya. Matar Nazmi, Ummu Hisham, ta buɗe ƙofa, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"A'a! Yau wa nake gani? Sannu da zuwa daga Bur Sa'id, Usta. Ko mu ne muka je, na manta?"

Sabri ya tsaya a bakin ƙofa. "Wa ya gaya miki..."

"Hawaga Kirkor mana. Duk Lahadi in ya fito coci sai ya hawo benen nan da sandarsa. Tun muna asibiti yake zuwa. Shigo, kada ka tsaya mini a ƙofa kamar mai karɓar kuɗin wuta."

Wato duk watannin nan tsohon ya sani. Yana kallon Sabri yana shirga ƙarya, yana ɗaure masa ƙunshi, yana jiran ranar da kunya za ta kai shi inda ya kamata.

Nazmi na zaune a bakin taga, da farin ƙyalle a wuyansa. Ya ƙara ramewa. Ya ga Sabri, bai yi murmushi ba, bai kuma ɗaure fuska ba. Ya miƙo hannu ya daki aljihun kwat ɗin Sabri inda ya yi tudu. Sabri ya fito da ƙunshin. Nazmi ya kwance zaren, ya tusa hancinsa ciki, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya girgiza kai.

"Ba ya jin ƙamshi yanzu," in ji Ummu Hisham daga bakin ƙofa, muryarta ta sauko. "Iska ba ta bi ta hancinsa."

Nan Sabri ya kasa riƙe kansa. Ya durƙusa gaban kujerar, maganar da ya yi wata da watanni yana taunawa ta fito a hargitse.

"Ni ne, Nazmi. Kana shirin dainawa na hana ka. Ni na ce ba ya taɓa mutum. Ni na saya maka..."

Nazmi ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Ya nuna ƙirjinsa, ya nuna bakinsa, ya ɗaga kafaɗa: ni na sha, da bakina. Wannan bai dame shi ba, kuma da gani bai taɓa damunsa ba. Sai ya kama kwalar kwat ɗin Sabri ya jawo shi kusa, har Sabri na jin iskar da ke fita ta ƙarƙashin ƙyallen. Idanun Nazmi suka cika. Ya motsa leɓɓansa a hankali, don kada kalma ɗaya ta ɓace.

"Ina ka shiga?"

Sabri ya buɗe baki. Shi da ke da maƙogwaro lafiyayye, ya rasa abin da zai ce.