Bugu Biyu a Jikin Salansa

Jama'a, wannan ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi ko Alƙur'ani aka ɗora mini haka zan maimaita shi. Shekarun baya ne, lokacin ina kanikanci a wani gareji na manyan motocin dizal a Bronx, can ƙasan Morris Heights wajen kogi. Mai garejin mutumin Jamaika ne, mai kirki amma ga saurin fushi.

Ni a Kano na koyi sana'ar, a hannun wani dattijo, Baba Sule, Allah ya jiƙansa, ya rasu tun kafin in tsallako ƙasar nan. Fankar inji ta taɓa datse masa ɗan yatsa ɗaya na dama. Mutumin nan ba ya faɗa. In ka ce ka gama aiki bai gamsu ba, sifana kawai zai ɗauka ya bugi ƙarfe sau biyu, ƙwas ƙwas, ya yi tafiyarsa. Ma'anarsa, koma ka sake dubawa.

To akwai wani Alhaji Mumuni, ɗan Zangon Kumasi, direban tasi ne, ya sayi irin motar nan mai gida a cikinta, da gadaje da kicin da banɗaki, tsohuwa ce amma injinta garau. Ya ajiye ta shekara guda a wani fili a Staten Island, iskar teku tana ta cin ƙarafanta, sai da bikin ƙanwarsa ya taso a Ohio sannan ya tuna da ita. Da matarsa da 'ya'yansa huɗu da mahaifiyarsa, duk a ciki za su tafi, kuma hanyar sai an ratsa duwatsun Pennsylvania.

Ga wanda bai sani ba, irin waɗannan motoci suna da wani birki ban da na ƙafa, birkin salansa. Wani bawul ne a bututun hayaƙi, iska ke tura shi ta cikin siririn tiyo ya rufe, sai injin da kansa ya riƙe motar a gangara. In babu shi, birkin ƙafa kaɗai zai ɗauki nauyin, ya yi zafi, ya daina kamawa. A cikin gari ba wanda yake taɓa shi, in direba ya danna maɓallinsa ya ga fitila ta kama a gabansa, shi ke nan a wurinsa lafiya lau. Shi kuwa Alhaji duk tuƙinsa na tasi ne, bai taɓa sauko da mota mai nauyin wannan daga kan dutse ba.

Da aka kawo ta garejinmu, na tarar tsatsa ta ƙame bawul ɗin. Na kwance shi, na kankare baƙin hayaƙi, na sa masa man da ke jure zafi, na mayar, na tada inji na gwada, na ji yana rufewa yadda ake so. Na buga wa Alhaji waya na ce ya zo gobe.

Ranar Asabar da hantsi suka iso da tukwanen shinkafa da akwatuna, yara suna ta tsalle suna Turanci, Hajiya tsohuwa, mahaifiyar Alhaji, ta shiga ta zauna jikin taga da carbinta. Na zaro makulli zan miƙa wa Alhaji ke nan, sai na ji ƙwas ƙwas daga ƙarƙashin motar. Na leƙa, ba kowa. Na ce a raina ƙarfe ne yake hucewa, sai kuma na tuna tun jiya ba a tada injin ba. Na dai basar na sake miƙa hannu. Ƙwas ƙwas. Jama'a, shekara tara na yi ina jin bugun nan a Kano, ko cikin kasuwa aka yi shi zan gane shi. Nan take na mayar da makullin aljihu.

Alhaji ya ce, "Massa," haka 'yan Kumasi ke cewa oga, "lafiya? Jiya kai ka ce an gama."

Na ce, "An gama, Alhaji, amma ka ba ni minti goma."

Na shiga ƙarƙashi na duba wayoyi, na duba fis, na duba silindar iska, komai daidai. Na fito ina kakkaɓe jiki, ina kai hannu aljihu bugun ya sake. Ba wanda ya ko waiwaya, ashe ni kaɗai nake ji. Minti goma ya zama awa biyu. Matar Alhaji ta fara tsaki, mai garejin ya fito yana zazzaga mini Turanci, wai in ba mutane motarsu ko in tattara kayan aikina in bar masa wuri. Tsoro nake ji sosai, ba zan ɓoye muku ba, ga iyali ina ciyarwa a gida, amma na dubi yaran nan huɗu na ji zuciyata ta bushe.

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ko za a kore ni yau, makullin nan ba zai fita daga aljihuna ba sai na ga abin da ban gani ba."

Ya ce, "Ei, ku mutanen Kano da taurin kai! Biki ne fa, ana jiranmu."

Da na sake shiga ƙarƙashi sai na ajiye tocila, na yi yadda Baba Sule yake yi, na bi tiyon iskar nan da hannu tun daga farkonsa har inda ya ɓuya a bayan ƙarfe. A nan na same shi kwance a jikin bututun hayaƙi, gwajin jiya kaɗai ya narkar da gefensa ya zama kamar ɓawon albasa. Ina danna shi da babban yatsa ya fashe. Da sun hau hanya bututun ya yi zafi, kafin su kai gangarar farko ba su da birkin salansa, fitila kuwa tana nan a kunne. Abin kunyar, ɗan maƙalin da ke riƙe tiyon nesa da zafi, a aljihun rigar aikina na same shi. Ni na cire shi jiya, ni na manta.

Na fito na nuna wa Alhaji, na gaya masa laifina ne. Sai ya zauna a kan wata taya. Na sa sabon tiyo, na ɗaure, na gwada da zafi, na koya masa yadda zai sauko da ƙaramar giya, sannan na miƙa makulli ina kasa kunne. Shiru.

Har sun tada mota, Hajiya ta yafito ni ta taga ta miƙo mini goro biyu.

Ta ce, "Ɗana, ɗaya naka, ɗaya ka ba maigidanka."

Na nuna mata mutumin Jamaika. Ta ce, "A'a, tsohon nan dai da ke tsugune jikin taya da sifana tun da muka zo, mai guntun yatsa. Na gaishe shi, ya amsa da Hausa."

Na karɓi goron na sa a aljihu.

Sun je lafiya sun dawo lafiya. Na tambayi wani malami a masallacinmu, ya ce mamaci ba ya dawowa, in yi wa maigidana addu'a kawai in bar zancen. Na yarda da maganarsa, amma Hajiya ba ta taɓa zuwa Kano ba, kuma ban taɓa ba kowa labarin yatsan nan a ƙasar nan ba.

Ku masu sana'ar hannu, don Allah in ran mutane ya rataya a kan aikinku, kada ku yarda da fitila, ku kai hannu ku taɓa, ko da mai kaya yana zaginku. Ni dai goron nan na Baba Sule yana cikin akwatin kayan aikina ya bushe, na kasa ci na kasa yarwa. Kuma har yau in na gama aiki, kafin in miƙa makulli sai na ɗan tsaya na saurara.