Tayil Shida

Ina aji biyu na sakandare muna zaune a ƙasar waje, a unguwar Pantai Dalam, a wani bene, hawa na tara. Baba yana karatun digirin digirgir a kan mafakar ƙarƙashin ƙasa, inda mutane za su ɓuya idan ƙurar nukiliya ta sauko. Aikinsa shi ne gano yadda kuɗi kaɗan zai ɓoye mutane da yawa. In aka rage wa kowa wuri, sai mafaka ɗaya ta ɗauki ƙarin kawuna.

Wata Asabar ya janye tabarma, ya zagaye tayil goma sha biyu na daɓen ɗaki da jan salatif, ya ce, "Mamana, shiga nan."

Na shiga. Bayan awa guda ya tambaya, "Ya ishe ki?"

Na ce, "Ya isa, Baba."

To me zan ce? Ni 'yar fari ce, ko idonsa ba na iya kallo. Shi kuwa sai ya rubuta, ya ɓare salatif ya matso da shi. Tayil tara. Wani satin ya mayar da su shida. Na san tayil ɗin nan kamar tafin hannuna, har da mai tsaga a kusurwa inda tururuwa ke fitowa. Ƙafata ta yi sanyi, jirgin ƙasa na LRT ya wuce sau bila adadin, ni kuma ina tsine wa jan layin a zuci.

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi. "Malam, 'yar mutum ce fa, ba buhun masara ba."

"Ita ta ce ya isa."

"Ko a kwalin taliya ka sa ta, haka za ta ce. Kai ka shiga mana, da tumbinka!"

"Ke ba ki san lissafi ba."

Ranar Litinin zai kai wa malaminsa adadin, a ce shida ta ishi mutum, bisa shaidata.

La'asar ta yi. Na yi alwala na dawo cikin layin da gangan, na tayar da salla. Da na yi sujada, goshina da hannayena duk suka faɗa waje. Na daɗe a haka don ya gani.

Ya gani. Da na sallame ya ce, "A mafaka ai sai a yi salla a zaune." Ya ɗauki biro. "To, shida ta isa ko?"

Na ce, "Ba ta isa ba. Tara ɗin ma ba ta isa ba. Ƙarya na yi."

Ya dube ni kamar baƙuwa. Shida ya kai wa malaminsa duk da haka, amma sai da ya goge jimlar da ta ce an gwada a kan mutum.