An kashe wa Malama Hauwa lasifika

Muna tsakiyar taron ƙungiyarmu ta malaman firamare jiya a Wudil, sai lasifika ta ɗauke. Ba wuta aka ɗauke ba, sakatare ne ya zare waya.

Malama Hauwa ce ke magana, wadda take koyarwa can wajen Achika. Cewa ta yi wa'adin shugabanni ya ƙare tun bara, a sa ranar zaɓe, kuma kowane malami ya jefa ƙuri'arsa da kansa, ba wakilan da shugaba ya tsinto ba.

Shugaba ya gyara hula ya ce, "Malama, wannan ba ya cikin ajanda. Masu irin wannan magana hukuma ce ke turo su don a raba kanmu."

Ba ta zauna ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, lokacin yajin aiki ni na fara rufe ajina, shi ya sa aka jefa ni ƙauyen da sai na hau babur biyu. Kai ko kujerarka ba a taɓa ba. Yau ni ce 'yar hukuma?"

Shugaba ya ce a yi addu'a a tashi, muka shafa muka tashi.

A waje kowa yana raɗa mata "kin yi daidai". A ciki kuwa ba wanda ya miƙe ya tsaya mata, har ni. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Idan muna tsoron tambayar wanda muka zaɓa, da wane baki za mu tunkari gwamnati? Ku faɗa min, haka taku ƙungiyar take?